Turancin Kwalejin Katsina da Abin da Ke Bayansa

Duk wanda ya saurari faifan jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960, ko wanda ya yi a gaban majalisar dokokin Amurka a watan Yulin 1961, abin da ke fara kama shi shi ne muryar: ga kauri, ga natsuwa, kowane harafi na fita daga mafitarsa ba gaggawa, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Matasanmu na yau, waɗanda suka shekara goma sha biyu ana koyar da su da Turanci amma harshensu ke sarƙewa idan aka ce su miƙe su yi bayanin minti biyar, sukan ji faifan nan su ce baiwa ce, Allah ne ya ba shi. Muryar kam baiwa ce. Sai dai Ɓalewa ba shi kaɗai ba ne. Ahmadu Bello, da Kashim Ibrahim, da Sa'adu Zungur, da Isa Kaita, daga baya kuma Aminu Kano da Maitama Sule, duk an san su da iya tsayawa gaban Bature su faɗa masa abin da ke ransu da harshensa. Idan baiwa ta taru haka a makaranta ɗaya, makarantar ya kamata a bincika. Abin da binciken ke nunawa, a ganina, shi ne horar da baki rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne mutanen nan suna da abin faɗa, kuma mafi yawan abin faɗan nasu tarihi ne.

Turanci ya makara kafin ya shigo Arewa, kuma da gangan aka makarar da shi. A Kudu 'yan mishan sun sauka Badagiri tun 1842, a 1859 kuma aka buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas. A nan kuwa sai a 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, aka kuma taƙaita shigar mishan cikin masarautu. Da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, da Hausa aka fara koyarwa, cikin rubutun boko. Da yawa daga cikin Razdanonin lokacin ba su son ɗan Arewa ya ji Turanci, domin sun ga abin da ya haifar a Legas: lauyoyi da 'yan jarida masu yi wa gwamnati tsiya da harshenta. Amma mulki ba ya tafiya ba akawu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gidan waya da baitulmali da kantunan Turawa suna neman masu rubutu da lissafi, aka riƙa ɗauko su daga Kudu da Gana da Saliyo. Sai da abin ya fara damun Turawa da sarakuna baki ɗaya sannan aka yarda cewa dole a samar da malamai 'yan ƙasa da za su koyar da harshen a larduna.

Daga nan Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina ta samo asali. Ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An zaɓi Katsina saboda sunan da ta yi a ilimi tun zamanin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, da kuma nisanta daga layin dogo da hayaniyar da ke biye da shi. Karatun shekara biyar ne, a makarantar kwana, ɗalibai daga kowane lardi: Bahaushe, Bafulatani, Babarbare, Banufe, Bayaraben Ilori. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 Zariya, a 1971 ta ɗauki sunan Barewa.

Abin da ya bambanta Katsina da yawancin makarantun Kudu shi ne hanyar da harshen ya bi ya shiga. A can an fi karɓar sa daga littafi, ta bakin malamai 'yan ƙasa waɗanda su ma daga littafi suka karɓa. A Katsina kuwa Turawan Ingila ne ke shiga aji da kansu, kuma sun ɗauki furuci darasi mai zaman kansa. Lokacin ilimin furuci yana tashe a Landan. Ƙamus ɗin lafazi na Daniel Jones ya fito a 1917, malaman da aka turo kuma sun zo da wannan ra'ayi na cewa kunne da harshe ake fara gyarawa kafin alƙalami. Cikin malaman kwalejin, sunan Gerald Power shi ne wanda aka fi ambata a wannan fanni. Ana sa ɗalibi ya karanta a bayyane, a tsayar da shi, a gyara, ya maimaita, har sautin da babu shi a Hausa ya zauna masa. Akwai kuma wani abu da Turawan suka tarar ba su suka shuka ba. Kusan kowane yaro da ya shiga kwalejin ya bi ta makarantar allo, inda tun yana ƙarami ya saba da karɓar harshen da ba nasa ba daga bakin malami, ya saba da cewa ja da gajarta wasali na iya sauya ma'ana, ya saba da hadda da tilawa a gaban mai gyara. Hausa ma kanta tana bambanta dogon wasali da gajere. Yaron da aka taɓa mayarwa baya sau da yawa saboda mafitar harafi ɗaya na Larabci ba zai ga baƙon abu ba idan Bature ya mayar da shi baya saboda sauti ɗaya na Turanci. Masana harshe na baya, irin su Munzali Jibril a binciken digirinsa na uku a Lancaster a 1982, sun nuna yadda lafazin 'yan bokon Arewa ya bambanta da na Kudu, kuma wannan tarihin makaranta na cikin dalilan da ake kawowa.

To amma da nan aka tsaya, da aku aka yaye, mai maimaita abin da ya ji da daɗin murya, a tambaye shi ya yi tsit. Iya magana na buƙatar mutum ya riƙe zance mai tsawo, ya jera abin da ya gabata da abin da ya biyo, ya kawo dalili, ya amsa wanda ya ƙi yarda. Babu darasin da ke tilasta wa ɗalibi waɗannan abubuwa gaba ɗaya kamar tarihi. Wanda zai bayyana da Turanci yadda Alƙalawa ta faɗi a 1808, ko abin da ya haddasa Basasar Kano a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, dole ya yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci iri-iri, dole ya ce saboda kaza, dole ya ce da ba a yi kaza ba da kaza bai faru ba, wato sassan nahawun da suka fi ba mai koyo wuya, kuma zai yi amfani da su ne don yana bukatarsu, ba don an rubuta su a allo ba. Ƙari a kan haka, idan labarin ya riga ya zauna masa a kai da harshen uwa, hankalinsa ba ya rabuwa biyu. Ya huta da neman abin da zai ce, saura yadda zai ce shi.

Ɗaliban Katsina kuwa cike da labari suka zo. Iyayensu sun ga shigowar Turawa da idonsu. Ahmadu Bello, da ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kakan mahaifinsa ne, mawallafin Infaƙul Maisuri. Tarihin jihadi a wurinsa zancen gida ne. A cikin malaman kwalejin akwai Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, littafin da ya buɗe da yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa a ƙasar Kwantagora. A lokacin ne kuma tarihin ƙasar ke shiga Turanci da boko: Palmer ya fassara Tarihin Kano a 1908, Arnett ya fitar da fassarar Infaƙul Maisuri a 1922, S. J. Hogben, wanda ya koyar a kwalejin, ya wallafa littafinsa kan masarautun Musulmi na Nijeriya a 1930, Hukumar Fassara kuma ta buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Ke nan ɗalibi na iya jin labari ɗaya sau uku, daga bakin kakarsa da Hausa ko Fulatanci, daga malamin zaure da Larabci, daga malamin aji da Turanci, ya kuma lura da inda suka saɓa. Ɓalewa, da ya shiga a 1928 ya fita a 1933, aikin farko da ya fitar da sunansa shi ne Shaihu Umar, labarin bauta da fataucin bayi ta cikin Sahara a ƙarshen ƙarni na 19. Mutumin da aka sani da murya, tun yana saurayi da tarihi ya fara.

A dubi kuma inda Turancin ya yi aiki da ya bar aji. A Bauci, wajen 1944, aka kafa Majalisar Taɗi, inda malaman Midil da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa ke zama su yi muhawara. Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Ɓalewa duk suna ciki. Maganganun da suka fi zafi a zaman su ne na yadda Turawa ke mulki ta hannun sarakuna, ina tsarin ya samo asali, kuma ya dace da abin da Shehu da Abdullahi da Bello suka rubuta game da shugabanci ko bai dace ba. Zaman bai yi tsawon rai ba, domin tambayoyin sun fi ƙarfin masu masauki. A 1943 Abubakar Imam, shi ma tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya zauna da Lugga da kansa ya faɗa masa inda tsarin da ya kafa ya lalace. A watan Agustan 1950 Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a kafa hukumar da za ta binciki tsarin En'e gaba ɗaya, a gaban mutanen da abin ya shafa. Jawabin ya girgiza Arewa ne don ya bi tsarin tun daga kafuwarsa, ya nuna abin da aka ce za a yi da abin da aka yi. Daɗin lafazi ya sa aka saurare shi, sanin abin da ya gabata ya sa aka rasa amsar ba shi.

Mai suka zai ce, kuma da gaskiyarsa, tarihin da Turawa suka koyar a ajin nan gurɓatacce ne. An rubuta shi ne don a nuna cewa kafin zuwansu sai yaƙi da bauta, kuma duk wani abin kirki a ƙasar Hausa wani baƙo ne mai hasken fata ya kawo shi daga gabas ko arewa. Palmer ya yi nisa ƙwarai a wannan tunani. Yaya za a yabi darasin da aka shirya don ya ladabtar? Amsar ita ce sakamakon ya saɓa wa niyyar. Ɗalibin da ya san labarin ta wata hanya, aka karanta masa shi a karkace, ransa zai motsa, kuma motsin ran nan shi ne ke buɗe baki. Ba a taɓa jin mutum ya yi zazzafar gardama a kan jumlar littafin koyon karatu ba, amma a ce masa kakansa ɗan fashi ne, zai nemo kalmomi ko ta halin ƙaƙa. Gyaran tarihin ma daga wannan zuriya ya fito. Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya sa alamar tambaya a kan ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin asalin daulolin Hausa, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, wanda ya koyar a kwalejin bayan ta koma Zariya, ya rushe yawancin ginin Palmer a littafinsa kan sauyin da Katsina ta shiga, wanda ya fito a 1981. Waɗanda suka taɓa jin Bala Usman a dandalin muhawara sun san cewa kaifin Turancinsa ba ya rabuwa da tarin hujjojin da ke kansa.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Kwalejin ta 'yan ƙalilan ce. Lambar shigar Ɓalewa 145 ce. Ma'ana, daga 1921 zuwa 1928 duk faɗin Arewa yara kusan 150 kawai aka ɗauka, kuma babu mace ko ɗaya. Abu ne mai sauƙi a goge lafazin yara ashirin a aji, da Baturen Ingila a kansu shekara biyar, ana ciyar da su ana tufatar da su. Arewa ta biya wannan tsada: da aka zo rabon aiki a shekarun 1950, tana da 'yan tsirarun masu iya jawabi amma ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da akawuna, kuma tsoron wannan giɓi na cikin abin da ya sa wakilanta suka ƙi amincewa da ƙudurin neman mulkin kai a 1956 da aka kawo majalisa a 1953. Ba wanda zai ce a koma ga wannan tsari. Amma a raba abin da ya yi tsada a Katsina da abin da ya yi araha. Mai tsadar shi ne samo bakin da za a kwaikwaya, wannan kuwa yau ya zama kyauta: rediyo, talabijin da wayar hannu sun kawo masu magana da Turanci iri-iri har cikin ɗakin yaro a ƙauye. Mai arahar shi ne a sa ɗalibi ya miƙe ya karanta da ƙarfi, ya ba da labari, a yi masa tambaya, ya kare kansa. Wannan ba ya cin kwabo, kuma shi ne muka yar.

Wani zai ce to me ya sa sai tarihi, ai kimiyya ko ƙwallon ƙafa ma za su ba yaro abin faɗa. Haka ne, duk abin da mutum ya damu da shi yana sakin harshensa. Sai dai lissafi da kimiyya a matakin sakandare amsarsu ɗaya ce, gajeriya, ana iya ba da ita da lamba. Hirar ƙwallo kuma kalmominta kaɗan ne. Tarihi ne ke da tsawo, da saɓani, da kalmomin mulki da shari'a da kasuwanci da yaƙi, waɗanda su ne mutum zai bukata ranar da ya shiga ofis ko kotu ko majalisa.

Saura tsoron da wasu masu kishin Hausa ke yi, cewa ɗaukaka Turancin baka bautar lafazin Bature ce, kuma harshen uwa ne zai biya. Tarihin Katsina bai goyi bayan wannan tsoro ba. A gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya, daga mutanen kwalejin ne Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar suka fito, Imam ya biyo da Magana Jari Ce, Sa'adu Zungur kuma ya bar waƙoƙin da har yau ake nazari a jami'o'i. Maitama Sule yakan tashi daga Turanci ya faɗa Hausa a zama ɗaya, ba a san wanda ya fi daɗi ba, kuma a duka biyun da labarin magabata yake jan mai sauraro. Wanda ya iya tsara zance a harshe ɗaya ya yi rabin tafiya a na biyu. Game da lafazi kuwa, ina ganin Katsina ta wuce gona da iri, kuma ba a bukatar a bi ta har can. Abin nema shi ne a fahimci mutum ba tare da an ce ya maimaita ba. Dariyar da ake yi wa Bahaushe idan ya musanya “p” da “f” ta kashe bakin yara fiye da yadda kuskuren kansa ya taɓa hana a gane su. Bafaranshe da Ba'indiye suna magana da karin harshensu a zauren duniya, ba wanda ya kore su.

Abin da ya faru bayan 'yancin kai shi ne an datse rassan biyu, horar da baki da darasin tarihi, ɗaya bayan ɗaya. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa da yara, abin alheri, amma ba a samar da malaman da suka isa ba, aji ya koma kwafar allo. Jarrabawar furucin Turanci ta kammala sakandare a takarda ake yin ta: ɗalibi ya zaɓi amsa cikin huɗu game da sautin da wataƙila bai taɓa furtawa ba, ya ci, ya fita bai buɗe baki ba. Sannan daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka narkar da shi cikin darasin zamantakewa, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a hukumance. Yaran da suka tashi a tsakanin nan an hana su wurin yin magana, an kuma hana su abin da za su yi magana a kai, yanzu kuma ana zarginsu da rashin iya Turanci.

Tunda tarihin ya dawo, kada a maishe shi jerin sunayen sarakuna da shekarun da za a haddace. Shugabannin makarantu su haɗa malamin tarihi da na Turanci a darasi ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako. A tura yaron Zariya ya tambayo yadda aka gina ganuwa, na Argungu ya tambayo labarin Kanta da Surame, na Gumel ko Haɗeja ya tambayo abin da tsofaffin unguwarsu suka ji daga iyayensu. Ya dawo ya ba da labarin da Hausa har ya zauna, sannan ya miƙe ya ba da shi da Turanci, 'yan ajin su yi masa tambayoyi, malami ya bar shi ya kai aya kafin ya gyara masa lafazi. Hukumomin jarrabawa kuma su nemi hanyar da za a ji muryar ɗalibi kafin a ba shi makin furuci.